Hannun Roba a Kwanon Cebolla

"Ba zan sa hannu ba, Don Rigo."

Shugaban gidan ya dube ni ta saman tabarau, biron da yake miƙo mini yana nan a iska. Shekara goma sha tara yana riƙe da gidan dabbobin gundumarmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masa a'a a bakin keji ba.

"Me kika ce, Nereida? Haushin karnukan nan ya yi yawa."

"Ka ji ni sarai."

Doña Cuca, wadda ke wanke kejuna tun kafin a yaye ni, ta kashe ruwan tiyo don kada ko kalma ɗaya ta wuce ta.

Abin da ya jawo maganar bai ɗauki minti biyu ba. Duk karen da aka tsinto, ranarsa ta uku a gidan ana yi masa gwaji. A ajiye masa abinci, a bari ya fara ci, sai a zuro wani hannun roba da aka ɗaure a bakin sanda, a taɓa masa kumatu, a ja kwanon. In ya ƙyale, sai a liƙa koren kati a ƙofarsa, ya jira motar da ke kwasar karnuka zuwa jihar Minnesota can arewa, inda mutane ke bin layi suna neman na riƙo. In ya ciji robar, jan kati ke nan, ranar Juma'a da safe a kai shi ɗakin baya a yi masa allurar da ba a tashi. Suruka muke kiran hannun. Doña Cuca ce ta raɗa masa, wai don ba kwanon da ba ya tsoma baki.

Ranar Litinin ɗin nan, karyar da ke keji na sha huɗu ta kama Suruka har sai da ɗan yatsa ɗaya ya tsinke.

A gonar albasa aka tsinto ta bayan an gama cira, shi ya sa na rubuta mata Cebolla a kati, wato albasa a yarenmu. Sikeli ya nuna laba talatin da ɗaya, alhali mai tsayinta ya kamata ta haura hamsin. Haƙarƙarinta a waje, nonuwanta sun nuna ba ta daɗe da haihuwa ba, 'ya'yan kuwa ba wanda ya gan su. Ranar da aka kawo ta na cire mata kaska fiye da ɗari, na buɗe bakinta na duba haƙora, na ɗebi jininta. Ko gurnani ba ta yi ba.

Jan kati sai da sa hannu biyu yake aiki, na shugaba da na mai lasisin jinyar dabbobi. A gidan duka ni kaɗai ce mai lasisi, in ban da Dakta Brandt da ke zuwa Laraba da Juma'a.

"Ta ciza ko ba ta ciza ba?" in ji Don Rigo.

"Ta ciji roba."

"To me ya rage?"

"Takardar cewa ta yi 'mai haɗari ga mutane'. Wannan sandar mutum ce? Ka hana ni abinci sati biyu, ka jefa ni tsakiyar wannan ihun, sannan ka zo kana zungurar kwanona, ka ga ko ba zan raba ka da yatsa ba."

"Ni ko a ƙoshe nake," in ji Doña Cuca.

"Cuca, koma ga ruwanki."

Ya cire tabaran ya goge da gefen riga. In zai yi magana mai nauyi haka yake yi. "Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na ba wasu mutane kare mai idanu kamar na wannan. 'Yarsu mai shekara uku ta je ɗauko ƙwallonta kusa da kwano. Ɗinki arba'in a fuska. Ni na je asibitin, ni uban ya shaƙe wa wuya a gaban jama'a. Ke a lokacin aji nawa kike?"

"Aji shida. Amma daga baya na ci gaba da karatu, Don Rigo. Na kawo maka binciken da aka yi, da yawa daga masu cizon robar nan ba sa yin haka in sun je gida sun ƙoshi. Ka ɗora kofinka a kan takardun, har yanzu shatin kofin yana nan. Kwana goma nake nema. In ciyar da ita kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana, a sake gwadawa."

"Keji sittin gare ni, karnuka tamanin da huɗu. Kwana goman da za ki ba ta, na wani ne za ki ɗauko." Ya maƙala biron a aljihu. "Ki yi tunani zuwa Laraba, 'yar boko."

Ba tunanin da na yi. Na raba wa Cebolla abincinta kashi huɗu na fara.

Ranar Laraba muna ɗakin tiyata, ina aske cikin wata kyanwa da za a cire wa mahaifa, Dakta Brandt ya tayar da zancen ba tare da ya dube ni ba. Dattijo ne mai sanyin murya, shanu ya fi sani, amma hannunsa a ɗinki ban ga na biyunsa ba. Shi ya koya mini ɗaure jijiya, kuma shi ya yi alkawarin rubuta mini takardar shaida zuwa makarantar likitancin dabbobi. Shekara uku ina shirin wannan neman, ina aiki ina karatu. Tsakiyar Satumba za a rufe karɓa, ga shi muna cikin Agusta.

"Mis Cantú, an ce kin yi tawaye."

"Na ƙi sa sunana a kan abin da ban yarda da shi ba, Dakta."

"Kin san jibi ni zan sa nawa, ko?"

"Na sani."

"To me kika saya mata? Kwana huɗu?"

"Kwana huɗu a ƙoshe. Ba ta taɓa samu ba."

Ya yi ɗan murmushi a bayan takunkumi. "Na rubuta rabin takardarki. Na ce kina da kai, kina da hannu. Akwai wurin da suke tambaya ko kina bin ƙa'ida. Kada ki sa in zauna ina cizon biro a wurin."

Da na tsaya a nan, da ban yi asarar komai ba sai karya ɗaya da ba tawa ba. Amma zuwa Alhamis da safe Cebolla ta fara kaɗa mini wutsiya tun daga nesa, tana lasar bayan hannuna ta ramin waya. Kwana uku kacal, na ɗauka na gama saninta. Na kuma san gobe Juma'a ce.

Na tare Don Rigo a hanyar ofis. "Zo ka ga wani abu."

Ya biyo ni yana cin tako, wainar da ake naɗewa da ƙwai da dankali, wanda Doña Cuca ke kawo mana kowace safiya. Na shiga kejin, na ajiye kwano, na durƙusa. Cebolla ta sa baki.

"Ka ce mai haɗari ga mutane. Ga mutum."

"Nereida, kada ki soma!"

"Mija, 'yata, fito daga nan," in ji Doña Cuca.

Na ga jikin karyar ya sandare. Na ga farin idonta. Duk alamun da na haddace na ci jarrabawa da su, na gan su ɗaya bayan ɗaya, amma akwai masu kallo, kuma na riga na miƙa hannu. Na taɓa bakin kwanon.

Ban ji zafi nan take ba, ƙarar kawai na ji, kamar an taka busasshen kara. Ta saki da kanta, ta ja da baya zuwa lungu ta tsuguna tana fitsari, kanta a ƙasa. Jini yana ɗiga cikin abincinta. Don Rigo ya jawo ni waje ta wuyan riga, ya buga ƙofar.

"Ni na jawo," na ce. "Kun gani, ni na jawo."

Doña Cuca ta naɗe mini hannu da tawul, ta tura ni cikin motarta. Sai da muka hau kwalta ta buɗe baki.

"Shekara nawa kika yi a kwaleji?"

"Biyu. Da uku na yamma."

"Shekara biyar. Ita Suruka ko firamare ba ta yi ba, amma ta san ta tsaya a bakin sanda."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta bar ni na yi.

Ɗinki goma sha ɗaya aka yi mini a hannun dama. Haƙori ya taɓa jijiyar yatsan tsakiya da na kusa da shi. Likitan ya ce sai an kwance za a san yadda za su koma.

Juma'a da safe na tarar da su biyu a ofis, Don Rigo a bayan tebur, Dakta Brandt a tsaye jikin taga, hularsa a hannu. Ga takardar rahoton cizo a gabansu, an cike komai sai layin da wanda aka ciza zai faɗi yadda aka yi.

Dakta ya fara. Ba a san ko an taɓa yi wa Cebolla rigakafin haukan kare ba, don haka hanya biyu ce. Ko a kashe ta yau a aika kanta ɗakin bincike, amsa ta fito cikin kwana biyu. Ko a killace ta kwana goma a ga ko za ta nuna alama. Kare marar gida da ya far wa ma'aikaci haka kawai, ta farko ake bi. Wanda aka tsokana kuwa, Dakta yana iya sa hannu a killace shi.

Don Rigo ya tura mini takardar. Muryarsa ba faɗa a ciki. "Rubuta cewa kina canza mata ruwa ta kama ki. Ni da Cuca ba mu ga komai ba. Rauni ne a bakin aiki, ki huta sati uku ki dawo. Dakta ya ƙarasa miki takardar shaida. In kika rubuta abin da ya faru, kin karya dokar tsaro da gangan a gaban shugabanki, kuma ba ni zan kore ki ba, daga ofishin gunduma za a aiko. Ba zan iya tarewa ba."

"Ita fa?"

"Ita ta riga ta tafi tun Litinin, mija. Ke ce ba ki yarda ba. Kuma jiya kin ga amsarki da idonki. Da hannun yaro ne fa?"

Wannan ta shige ni, don rabinta gaskiya ce. Ta ciji mutum. Na yi kuskure, kuma kuskuren girman kai ne, ba na rashin sani ba. Amma abin da suke so in rubuta ba shi ya faru ba. Karyar da na yi wa allura, na ɗebi jininta, na tsaga mata ƙurji ba ta ɗaga leɓe ba, a ce ta far mini ina canza ruwa?

Na dubi Dakta. "In na rubuta gaskiya, takardata fa?"

Ya juya hular. "Ba zan rubuta miki ƙarya ba, ba kuma zan ɓoye jiya ba. Takardar da ke ɗauke da jiya, gara ba ki aika ba."

"To ka ga mun zama ɗaya, Dakta. Ni ma ba na rubuta ƙarya."

Na ɗauki biron da hagu. Rubutun ya fito kamar na 'yar aji ɗaya, layi uku ya ci mini minti biyar. Na sa hannuna cikin kwanonta tana ci, da sanina, bayan an hana ni. Ta yi gargaɗi na ƙi ji. Ta saki da kanta. Na sa suna a ƙasa.

Don Rigo ya karanta, ya ajiye, ya rufe fuska da tafin hannu. "Taurin kan nan daga ina kika gado shi?"

"Ka tambayi mahaifiyata. Ita ma nema take."

Dakta Brandt ya sa hannu a kan killacewa. Takardar sallamata ta iso ranar Litinin.

Ɗakin killacewa ba a barin kowa shiga sai ma'aikata, ni kuwa tun ranar da na sa hannu na daina zama ma'aikaciya a wurinsu. Amma kejin yana da ɗan fili ta baya mai kallon magudanar ruwa. Ranar farko na ajiye mota jikin shinge, Don Rigo ya fito ya ce filin gunduma ya kai har bakin magudanar. Na tsallaka magudanar na kafa kujerata a ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya. Taku ashirin tsakanina da ita.

"Nan ma na gunduma ne?" na ɗaga murya.

"Na macizai ne," ya ce, ya koma ciki.

Bakwai na safe da huɗu na yamma, kwana goma, ban tsallake ko ɗaya ba. Zafin Agusta yana sa hannun bugawa kamar an sa masa zuciya ta biyu. Na karɓi allurar rigakafi, na sha ƙwayoyin da ke juya mini ciki. Mahaifiyata ta daina yi mini magana kwana uku, a na huɗu ta dafa kaza ta yayyanka ƙanana ta zuba a roba ta ajiye mini a mota.

Doña Cuca ce ta zama hannuna. Na faɗa mata tsarin ta saman magudana. Ta ajiye kwano ta ja da baya. Ta dawo ta wuce, ta jefa yankan kaza a ciki daga nesa, ta tafi. Kada ta taɓa ɗaukar komai, ƙari kawai. Kullum ta matso taku ɗaya.

"Wato in koya mata cewa duk wanda ya nufo kwano alheri ya kawo."

"Shi ke nan."

"Da an yi wa mijina wannan karatun da ya fi daɗin zama."

Rana ta uku Cebolla tana sandarewa. Ta shida ta fara ɗaga kai tana jiran kazar. Rana ta tara Doña Cuca ta tsaya jikin kwanon, ƙafarta na taɓa shi, karyar tana ci tana kaɗa wutsiya a hankali. Na ga Don Rigo a tagar ofis. Da ya ga na gan shi sai ya saki labule.

Larabar da ta biyo bayan cikar kwana goman Dakta ya duba ta ya ce lafiyarta lau, ta kuma ƙara laba bakwai. Na shiga ofis ta ƙofar baƙi kamar kowa.

"A sake gwada ta da Suruka," na ce.

"Gwaji ɗaya ake yi. Kuma yanzu tana da cizo a takarda. 'Yan Minnesota ba sa ɗaukar mai cizo, ni kuma ba zan ba iyali ita ba ko za ki kwana nan."

"Ban ce ka ba iyali ba." Na buɗe littafin dokokin gidan a shafin da na naɗe. Ana iya miƙa mai jan kati ga mai lasisi wanda ba ma'aikacin gidan ba, in ya ɗauki alhakinta a rubuce, in gidansa ba yara, in yana da shinge ƙafa shida. "Lasisina yana nan. Aiki kuwa kun taimaka kun raba ni da shi."

"Shingenku ƙafa huɗu ne. Na san gidan."

"Ka zo jibi da abin awo."

Ni da kawuna muka yi shi cikin kwana biyu, shi yana haƙa, ni ina riƙe turaku da hagu. Don Rigo ya zo da kansa. Ya auna kowane gefe, ya girgiza kowane turke, ya durƙusa ya duba ko za a iya tona ƙasa a fita. Mahaifiyata ta ba shi kofi ya sha a tsaye. Sannan ya ɗora takardar a kan motarsa ya sa hannu.

"In ta taɓa wani, ni da kaina zan zo in ɗauke ta."

"In ta taɓa wani, ni zan kawo maka ita."

Ya buɗe mota, ya tsaya. "Juma'ar da ta wuce na kai biyu ɗakin baya waɗanda ba su ciji komai ba. Wuri ne babu. Ina so ki sani."

"Waɗanne?"

"Baƙin nan mai farin ƙirji, da tsohuwar da ke keji na talatin."

Na san su. Ni na yi musu rigakafi. Ban ce masa ba laifina ba ne, don ban tabbata ba.

Yanzu wata bakwai ke nan. Cebolla ta kai laba hamsin da huɗu, tana kwana a bakin ƙofar ɗakina. Ina iya ɗauke kwanonta tana ci, amma ba na yi, ba na kuma barin kowa ya gwada. In 'ya'yan yayata sun zo, a ɗaki take ci, ƙofa a kulle, mabuɗin a aljihuna. Doña Cuca ta ce an sayo sabuwar Suruka mai yatsu biyar cif, kuma har yau ranar uku ake gwaji. Ban canza komai a gidan nan ba.

Satumba ta wuce ban aika takarda ba. Ina aiki a shagon abincin dabbobi da ke bakin babbar hanya, ina auna wa mutane hatsin kaji. Yatsu biyun sun warke amma ba sa naɗewa har ƙarshe, almakashin tiyata yana zamewa daga hannuna. Kowace yamma ina zama da allura da zare da ɓawon lemu ina koya wa hagu ɗaure ɗinki, ban san ko za ta iya ba, ban kuma san wanda zai rubuta mini shaida Satumba mai zuwa ba. Aikina ya tafi, shekara ɗaya ta tafi, yatsu biyu sun tafi, da karnuka biyu da ba su yi wa kowa komai ba. Abin da na biya ke nan don kada sunana ya hau kan jan kati da rahoton ƙarya, kuma da za a sake miƙo mini biron, amsata ba za ta canza ba, hannuna kawai zan janye daga kwanon.